'Yar Italiya da Bikin Gidan Baffanka

Kwanar Dangora,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Abuja lafiya, Ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama, Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da maƙwabta masu kunya. Amin.

Na sa mahaifiyarka ta cusa takardar a jakarka tsakanin ƙullin yaji da garin kunu, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Da baki na so mu yi maganar, to amma ka san yadda nake da kai. Sunan mahaifina gare ka. Duk sanda na gyara murya zan yi maka faɗa sai in ga kamar tsohon ne zaune a gabana, sai in ɓige da tambayarka ko ka ci abinci. Waya kuwa ba ta riƙe magana. Takarda za ka iya sake buɗewa ranar da kanka ya huce.

Labarin mota ya iso ni. Kai ka gaya wa mahaifiyarka a ɗaki, ka ce kada ta gaya mini tukuna, ita kuma ta riƙe maka amana har zuwa lokacin da na wanke hannu daga tuwo. Ta ce ka ga wata 'yar Italiya ta hannu a wajen wani dillali a Kano, mai ƙofa huɗu, doguwa, kwance da ƙasa, kuma duk abin da ka tara tun daga bautar ƙasa shi kake shirin zubawa a kanta. Wai tsoro kake ji kada in hana. Ni? Abba, dariya na yi har na ƙware. A duk zuriyarmu, tun daga waɗanda ruwan Tiga ya taso har zuwa jikokinsu, mutum ɗaya ne ya taɓa mallakar irin motar nan, kuma shi ne yake rubuta maka wannan takarda. Sa'o'inka suna can suna neman motar da kowa yake da ita, kai idonka ya tsallake su duka ya sauka inda nawa ya taɓa sauka. Ba a makaranta ka koyo wannan ba, a jini ka sha. Kuma kuɗin guminka ne, ba ka roƙi kowa ba. Ban hana ka ba.

Sai dai ba ni kaɗai labarin ya iso ba. Baffanka Haruna ya ji. Autansa Sani zai yi aure bayan kaka, amaryar kuma daga wani ƙauye take can bayan Badafi. Motar da ba a saya ba har an sa mata ranar aiki. Wannan shi ya zaunar da ni na ɗauki biro, domin in ka ce masa to, za ka rasa motar, in kuma ka ce a'a, za ka rasa Baffanka, kuma duk biyun ban shirya ka rasa ba. Amma bari in faro maka daga farko, don kana ƙarami aka yi abin, hoton motar kawai ka sani.

A waccan shekarar masara ta yi mini kirki. Na saye ta da araha a Doguwa da Tudun Wada, na kulle sito na yi kamar na manta, har farashi ya zo ya same ni inda nake zaune. Abokan kasuwata kowa ya je ya sayo akori-kura, kamar yadda mai hankali yake yi. Ni kuwa na sa babbar riga na nufi Kano wajen wani dillali da ake kira Ɗanjuma Mai-turare, mutumin da in ya yi maka magana sai ka ji kamar bashin alheri kake binsa. Ya ce in zo bayan azahar. Na je na tarar da ita a wanke, ja wur, injin yana aiki a hankali kamar kyanwa tana barci.

Ka dai san ni a kasuwa. Ni ne mai zura hannu har gindin buhu don na san mai kyau a baki ake zuba ta. Na san yadda ake lasa wa sa gishiri a ɗura masa ruwa kafin a shigo da shi kasuwar shanu don ya yi ciki. Tun ina tallan bandar kifi babu wanda ya taɓa sayar mini da na jiya a matsayin na yau. Amma ranar nan duk wannan ilimin a gida na baro shi. Na shafa ta, na zagaya ta, na ce, "Kai, masha Allah!" da ƙarfi. Na yabi kaya kafin in taya, abin da nake yi wa baƙin kasuwa dariya a kai. Ɗanjuma ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ai ba kai ka zaɓe ta ba, ita ta zaɓe ka. Tun safe mutane suke zuwa, ba ta yi wa kowa wannan ƙyallin ba." Na yi tayi, ya yi ɗan jim kamar an taɓa masa ciwo, ya ce ya sallama. Saurin sallamar nan ma ya isa ya tashe ni, amma ina!

Washegari da safe, da injin ya kwana ya yi sanyi, na murza mukulli. Ta yi wani kaf-kaf-kaf kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ta saki shuɗin hayaƙi har kajin gidanmu suka watse. A nan na gane dalilin "bayan azahar".

Don haka kai kada ka je lokacin da dillali ya sa maka. Ka je da sassafe ba tare da sanarwa ba, ka ɗora tafin hannunka a kan murfin inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka gaishe su ka ce za ka dawo. In da sanyi, kai da kanka za ka tayar da ita, ka kashe rediyo, ka sa kunne. Ka tsaya ta baya ka ga kalar hayaƙi, ka durƙusa ka leƙa ƙasa ko tana ɗiga, kada ka ji kunyar ɓata wandonka. In ka murza mukulli kafin ta tashi, fitilun gaban direba duka su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, ba lafiya ce ta sa ta yin shiru ba, cire mata ƙwai aka yi. Ka tafi da mai na'urar dubawa naka na kanka, ba wanda dillali zai ce "ga wani yaronmu nan kusa" ba. Takardun kwastan ka kai a duba maka su kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Fuskarka kuma ka ɗaure ta kamar an aiko ka sayen maganin ɓera. Yabon ka riƙe shi sai kun fito titi, ka yi mata shi ku biyu.

Kada ka ɗauka nadama nake ba ka labari. Da aka gyara mata abin da ke damunta, Abba, ban taɓa hawa abu irinta ba, kuma har yau ban sake ba. In na hau titin Zariya na ɗan taka ta, sai ta ƙara kwanciya da ƙasa, ta saki wata murya daga ƙirji wadda ba ta kama da ta kowace mota. A kwana ba ta tangaɗi, inda ka kalla nan take bi. Masu shayin bakin tasha tun ban ɓullo ba suke cewa, "Ga Barkono nan!" don sunan da suka sa mata ke nan. Direbobin manyan motoci suna sauka su zagaye ta hannu a baya. Akwai wani mai kuɗin Ƙafin Maiyaki da bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, sai da ka. Ranar da ya gan ni a cikinta shi ya fara ɗaga mini hannu.

Halinta ne dai sai mai haƙuri. Wata rana da damina na ɗauko mahaifiyarka daga Bebeji, ta sha sabon leshi, gilashin gefenta ya sauka ya ce ba zai hau ba, ga ruwa ya kece. Ta jiƙe sharkaf. Ta juyo ta ce, "Alhaji, su mutanen Italiyan ba a ruwa a garinsu ne?" Na ce mata iska ce ta musamman, ba kowa ake ba wa ba. A haka muka iso gida. Da rana ta fito, gilashin ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Irin motar nan wayoyinta suna da ra'ayi. Ka samu mai gyaran waya guda ɗaya ka riƙe shi, kada kowa ya riƙa sa mata almakashi.

Wautata ta biyu ita ce na ɗauka mota mota ce. Na kai ta gindin bishiya wajen bakaniken da yake gyara wa kowa a nan, mutumin kirki, motocin Japan kuwa ko ido rufe zai kwance maka su ya mayar. Ya buɗe ta, ya ciro wani ɗan ƙarfe daga hanyar ruwa ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma bukatarsa. Ya cika lagireto da ruwan rijiya, ya yi mata juye da baƙin mai mai kauri irin na kwalba. Ni kuma na ƙara da nawa, don in mai ya yanke mini a hanyar Doguwa sai in tsaya wajen 'yan bumburutu a ɗura mata na galan. Duk ta karɓa ba ta ce komai ba, sai da ta tashi ramawa ta rama gaba ɗaya, ta tafasa da ni a tsakiyar kasuwar Tudun Wada, ranar kasuwa, a gaban mutanen da nake yi wa ciniki da taƙama.

Daga baya na samu wanda ya san irinta a cikin Kano, muka zauna lafiya. Amma kayan gyaranta ba a rataye suke a kowane shago ba. Abin da mai motar Japan zai saya ya ɗaura kafin la'asar, kai sai an yi waya Legas, wani lokacin sai an yi waya inda ya fi Legas nisa, kana nan kana hawa acaɓa da mukullin 'yar Italiya a aljihu.

To ka ji. Kafin ka sayi motar, ka fara samun bakanikenta a Abuja, ka je garejinsa ka ga irinta a ajiye, ka ga kuma ana fitar da su, ba shiga kawai suke yi ba. Ka tambaye shi me ya fi kashe su, me ake samu, me ba a samu. Bel ɗin nan na cikin inji, wanda in ya tsinke yake tafiya da injin gaba ɗaya, dillali zai rantse maka jiya aka sa sabo. Ka ce masa ka gode, ka je ka canza. Baƙin mai wanda aka rubuta mata za ka ba ta, a kan lokaci, ko da abokanka sun ce ɓarna ce. Ruwan lagireto na kanti, fetur na gidan mai. Kuma kada kuɗin sayenta ya zama shi ne ƙarshen abin da ka mallaka. Motar nan ba ita kaɗai take zuwa ba, da 'yan rakiya take tafe. In ba za ka iya ciyar da su ba, ka ƙara haƙuri zuwa baɗi, ba za su ƙare a duniya ba.

Duk wannan ba shi ya kashe Barkono ba. Dillali bai kashe ta ba, ruwan rijiya bai kashe ta ba. Kunya ce ta kashe ta.

Ka san a garinmu mota ba ta mai ita ba ce. Ta mai naƙuda ce, ta mai zuwa gaisuwar mutuwa ce, ta wanda ya sayi rago ya rasa yadda zai kai shi gida ce. Wannan duk na yi, kuma da daɗin rai, tunda ni nake tuƙawa. Sai bikin babban ɗan Baffanka ya taso. Yaya Haruna ya zo har zaure ya ce, "Sabo, motar amarya fa taka ce." Ba tambaya ya yi ba, sanarwa ce. Ranar kuma ta faɗo daidai da awon masarar da ba zan iya bari ba. Na san hanyar ƙauyen, burji ce da ruwa ya cinye, na san cikin motata bai fi tafin hannu daga ƙasa ba. Duk na sani. Amma yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar tsoho. Na zaro mukulli na miƙa, har da cewa Allah Ya sa a yi lafiya.

Sauran labarin daga bakin mahaifiyarka na ji, don tana ciki. Wani abokin ango, Lawwali, mai jan bas, shi aka ba tuƙi. Aka sa amarya, aka sa ƙawarta, sannan gwaggonni suka fara shiga, kowace tana cewa ita ba za ta hau bas ba ga motar ɗanta. Aka danna tukwane da buhun shinkafa a but. Motar ta zauna dirshan tun kafin ta motsa. A wani mashigin ruwa cikinta ya daki dutse, kowa ya ji. Ba a jima ba jar fitila ta kama. Mahaifiyarka ta ce, "Lawwali, wannan jar wutar fa? Alhaji ya ce in ta kama a tsaya." Gwaggo Asabe ta ce daga kujerar baya, "Wace irin tsayawa? Ba a tsayar da motar amarya a daji. Ja mu je, yaro, in mun isa ta huta." Lawwali ya ce, "Hajiya, ai irin waɗannan motocin haka suke, ado ne." Ya cire hularsa ya rufe fitilar don kada ta dame shi. Aka ci gaba da guɗa, baƙin mai yana tsiyaya a bayansu kamar an ja layi. Ana hango rufin kwanon garin injin ya buga.

A amalanke amarya ta ƙarasa. Motata kuwa shanun huɗa ne suka jawo ta zuwa bakin kwalta. Na je na same ta a nan, duk taɓo, yara sun kewaye ta, kuma wallahi ko a hakan ta fi duk abin da ya wuce a titin nan kyau. Yaya Haruna ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai haƙuri, Sabo, ƙarfe ne. Mun gode Allah da ba a rasa rai ba." Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Na nemi inji har na gaji, a ƙarshe 'yan gwangwan suka zo da kurarsu. Ranar ban fito zaure ba.

Ban taɓa riƙe Yaya a zuciya ba, shi biki ya sani, bai san inji ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne akwai hanya tsakanin to da a'a. Kasuwa ta koya mini ita daga baya, kuma shekaranjiya na yi amfani da ita.

Bayan sallar Juma'a ya biyo ni gida. Muka gaisa, aka kawo fura, ya sha, ya goge gemu ya ce, "Na ji yaronmu zai sayo irin waccan."

Na ce, "Haka na ji, Yaya."

Ya ce, "To alhamdu lillahi, ta zo a kan gaɓa. Motar amaryar Sani ta samu."

Na ce, "Ta samu, Yaya. Sai dai ba wajen Abba za a nema ba, wajena za a nema. Daga Abuja zuwa Kwanar Dangora tasa ce. Da ta karyo kwana ta shigo gari, tawa ce."

Ya ajiye ludayi ya ce, "Yaushe aka yi wannan rabon?"

Na ce, "Ramuwa ce. Ɗa ya ga an yi wa ubansa rashi, ya ce zai share masa hawaye."

Ya kalle ni ta gefen ido ya ce, "Sabo, kai dai har ka mutu ba za ka daina dillanci ba. To mai mota, me ka yanke?"

Na ce masa daga ƙauye zuwa bakin kwalta ni zan ba da doguwar mota mai tsayin ƙafa ta ɗauko amarya, gwaggonni kuma ga bas, kaya ga akori-kurata, duk a wuyana. A bakin kwalta 'yar Italiya za ta tsaya a wanke tana jira. Amarya da ƙawarta da mahaifiyarka kawai za su shiga, kai za ka tuƙa da hannunka, a shigo gari a hankali kowa ya gani. Ya ce, "Asabe fa? Ka san ba za ta yarda ba." Na ce Gwaggo Asabe ni zan ɗauke ta da kaina a gaban akori-kura, in ba ta goro, mu yi hira har gida. Ya yi dariya har da tari, ya ce Allah Ya shirye ni, ya shanye furarsa. Da zai tafi cewa ya yi in gaishe ka, in ce maka ka zaɓo mai kyau, kada ka ba mu kunya.

Saura kai. Na riga na faɗi magana a gaban yayana, kuma ban saba ƙarya ba, iyakata in gyara wa gaskiya zama. Don haka ranar da ka saye ta, ka kira ni a waya, mahaifiyarka tana ji, ka ce, "Baba, in dai tana gida taka ce." Shi ke nan ta halatta. In ka zo, kafin ka cire takalmi ka miƙo mini mukulli. Duk wanda ya tare ka da maganar aro, ko wane ne, ka sunkuyar da kai ka ce, "Ai ta Baba ce, sai dai a tambaye shi." Ba ka hana kowa ba, ba ka yi wa babba rashin kunya ba. Su zo wajena. Ni na tsufa, fuskata ta yi kauri, na san wanda za a kai asibiti da gudu ko a cikin wace mota ce, na kuma san wanda rago kawai zai ɗauka. Kai ka riƙe zumuncinka fari tas, baƙin jinin a bar mini, na iya ɗaukarsa.

Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya raba ka da gudun da ba shi da dalili, don ina son motar amma na fi son mai ita. Ka riƙe sallah a kan lokacinta, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da labari. In motar alheri ce Allah Ya mallaka maka ita, Ya sa ka kashe ta da kanka bayan shekaru masu yawa, ba ita ta kashe maka aljihu ba. In babu alheri a cikinta Ya sa ka ji ɗumi a murfin injin ka juyo. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Sabo Mai-masara,
mai rabin mota.